Mayafin Barcin Tantabara

Ku da kuke biye da ni, yau ba zan yi muku kwana-kwana ba. Ni mai kishi ce, kuma sai satin nan na san girman nawa. Da can in aka ce wance ta yi abin kunya saboda kishi, taɓe baki nake in ce rashin aikin yi ne. To ga ni da aikina, na tafka abin da ko ƙanwata da muke kwana ɗaki ɗaya ban iya gaya wa ba.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, a gidan renon yara nake aiki, inda iyaye ke ajiye ƴaƴansu da safe su wuce wurin nema, su dawo da yamma su ɗauka. Ɗakuna uku ne a jere a kan baranda ɗaya. Na farko na ƴan goyo, ba a shiga da takalmi, ba a ɗaga murya. Na tsakiya na ƴan tata, masu tafiya suna faɗuwa, nan nake ni da abokiyar aikina da muke kira Agogo, don ko ruwa ake da ƙanƙara ba ta taɓa makara ba. Na ƙarshe shi ne ajin manya, mai ƙananan kujeru da allo, inda ake shirya yara shiga firamare. Tsarin gidan shi ne kowane yaro yana da mai riƙonsa guda ɗaya. Ita ke karɓarsa a ƙofa, ta ba shi abinci, ta canja masa, ta kwantar da shi, ta tura wa iyaye hoto da rana, da yamma kuma ta tsaya ta ba su labarin yadda ya wuni. Mai riƙo tana bin yaronta daga ɗakin goyo zuwa na tata. Amma a bakin ajin manya ake rabuwa, don can sai malama mai takardar koyarwa, ni kuwa kwas ɗin reno kawai na yi.

Ko rarrafe ba ta fara ba aka miƙo min Tantabara. Ni na raɗa mata sunan, saboda ɗan kukan da take yi a maƙoshi in barci ya fara ɗaukarta. Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, babanta ne ya kawo ta da kansa, rungume a ƙirji, jakarta a kafaɗa, ya sa mata riga a baibai. A cikin jakar akwai wani yankin mayafi shuɗi, gefensa duk ya zare. Na marigayiyar ne. Da shi take barci, ta naɗe shi a yatsa ta ɗora a kumatu, da ta fara magana kuwa sai ta sa masa suna Ummi. Duk gidan an san in babu Ummi babu barci. A hannuna ta yi haƙorin fari, a gabana ta ɗaga ƙafa ta taka, kuma ni ta fara kira da Anti.

Baban Tantabara shagon tabarau gare shi, shi ma yana sawa, kuma in kunya ta kama shi ko dariya, sai ya zare ya hau goge shi da gefen riga. Bayanin yamma da ake yi wa iyaye a tsaye a gurguje, namu sai ya riƙa tsawo. Daga ta ci kaza, ta yi barci kaza, muka koma hirar cunkoson hanya da kwastomomin da ke zaunawa a kan tabaransu su ce da ma can a karye yake. In na tura hoto, da amsarsa ita ce Allah ya saka da alheri. Daga baya ta koma, “Ke kin ci abinci kuwa, ko yara kawai ake ciyarwa a gidan nan?” Saƙon nan na karanta shi har na haddace inda ya sa waƙafi. Amma bai taɓa wuce nan ba. Shugabarmu, Anti Babba, tana da doka da take karanta wa duk sabuwar ma'aikaciya: babu neman aure tsakanin mai riƙo da uban yaron da ke hannunta, wadda ta karya ta ajiye aiki, yaron kuma a nema masa wani gidan. Na san dokar sarai. Abin da ban sani ba shi ne ko dokar ce ta riƙe bakinsa, ko kuwa da ma babu komai a bakin.

A gida kuma Mama ta sa ni gaba. Ɗan ƙawarta, mai shagon tayal, ya daɗe yana zirga-zirga. Ba shi da aibu, sai dai in ya zauna a falonmu ƙasa yake kallo, ba don kunya ba, don ya ga inda aka kuskure layi. Baba ya ce shi ba zai yi min dole ba, amma ya gaji da bai wa dattawan mutane haƙuri, kafin hutun ƙarshen zango yana son ya ji matsaya. Na taɓa gwada yi wa Mama zancen Baban Tantabara tana ninke kayan wanki. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta tambaye ni ko ya taɓa cewa yana so na. Na ce bai faɗa da baki ba.

“Mutumin da kullum yake ce miki na gode ba manemi ba ne, kwastoma ne,” in ji ta. “Mai riƙe masa ƴa yake so. Ranar da aka canja mai riƙo, za ki ga inda haƙoransa za su koma.”

Ƙanwata ta tuntsire da dariya har da buga filo. Ni kuwa maganar ta tsaya min a rai.

Ranar Litinin Anti Babba ta tara mu kafin zuwan yara, ta faɗi waɗanda za su koma ajin manya. Sai na ji sunan Tantabara. Na ce ai ba ta cika uku ba tukuna, ta ce saura kaɗan, kuma bakinta ya buɗe, za a gwada ta. Muna shimfiɗa tabarmin wasa Agogo ta matso ta raɗa min cewa uban ne da kansa ya shiga ofis ya roƙa, ta gan shi da idonta. Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi. Kullum yana tsaye a gabana yana goge tabarau, ashe ya gama shirya raba ni da yarinyar, ko a fuska bai nuna min ba.

Kuma ga wadda za a bai wa. Malamar ajin manya sabuwa ce, zangon nan ta zo, ni da Agogo muna ce mata Mai Kwali, saboda takardar shaidar karatunta. Doguwa, siririya, rigarta kullum a goge kamar ba da yara take aiki ba, mayafinta da takalminta launi ɗaya, ga ƙamshi da ke riga ta shigowa baranda. Ni kuwa in rana ta take, kafaɗata da tabon madara, gwiwata da fenti, ɗankwalina ya koma ƙeya don an ja. Ba ta taɓa yi min komai ba, gaisuwa ma ita take fara yi. Hakan ya fi tsone min ido.

Ba a ɗaukar yaro a jefa shi sabon aji haka kawai. Akwai abin da muke kira satin sabo. Da farko mai riƙo ta shiga da shi su ɗan zauna su dawo. Washegari ta zauna a gefe, ba ta sa baki. Sai ta fara fita tana barinsa, yana dawowa ɗakinsa na da don barcin rana. Ranar ƙarshe ta miƙa jakarsa da kofinsa da abin barcinsa ga malama a bakin ƙofa, ta juya. Daga nan ko kukansa za ta ji ba ta shiga, ba ta leƙe ta taga, sai in shugaba ce ta kira ta. In yaro ya yi barci a sabon aji ranar, ya zauna ke nan. In ya kasa, ya koma inda ya fito sai sabuwar shekarar karatu, don ba a canja wa yaro ɗaki a tsakiyar tafiya.

Na shiga da ita ina addu'ar ta ƙi. Ku ji mugun hali. Ta kuwa maƙale a ƙafata na ɗan lokaci, sai Mai Kwali ta durƙusa ta fito da wani ɗan akwati mai maɓallai masu launi, ta ce ta taya ta rarrabawa. Tantabara ta sake ni ko waiwaye babu. Kafin tsakiyar sati ta iya waƙar ajin, tana dawowa ɗakinmu tana rera min, tana gyara min in na yi kuskure, wai ba haka Malama take yi ba. Na yi dariyar yaƙe na ce to ai sai ki koma wurin Malamar.

Yamma ce ta fi ci min rai. Tunda can take wuni, Mai Kwali ke ba da bayani, ita ke tura hoto. Ina tsaye ina ɗaure wa wani yaro igiyar takalmi na hango su a ƙarshen baranda. Tana nuna masa zanen da Tantabara ta yi, ta faɗi wani abu, sai na ga ya zare tabarau yana gogewa yana dariya. Na ɗaure igiyar nan har yaron ya ce Anti da zafi.

Da daddare ina kwance saƙonsa ya shigo: “Yau wayata shiru. Na saba da hotonki.”

Na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na tura, “Ai ka samu sabuwar mai turo maka, mai kwali ma kuwa.”

Ya turo fuskar dariya. Sannan ya ƙara, “Ki ƙara haƙuri da ni kaɗan.”

Haƙurin me? Na juya maganar ta kowace fuska, ko'ina sallama take nuna min. Na kifa wayar na juya wa ƙanwata baya, ita kuwa tana ta tsokana wai ko kwastoma ya canja shago.

Ranar ƙarshe ta zo. Na sa doguwar rigata mai ruwan zuma da nake ajiyewa don fita, har da kwalli, Mama ta bi ni da kallo ta ce yau yara za su sha kallo. Baban Tantabara ya kawo ta da wuri, an yi mata kitso biyu da ribbon ja. Ya miƙo min jakar ya ce komai na ciki, yau ce babbar rana, ya yi murmushi kamar mai shirin tafiya biki. Murmushin nan ne ya ƙarasa ni.

Na shiga ɗakin canja wa yara kaya don in duba jakar, kamar yadda ake yi kafin a miƙa. Riga biyu, tawul, kofi, ga Ummi a ninke a aljihun gefe. Na ɗauko shi na riƙe. Ban shirya komai daga gida ba, Allah shi ne shaida. Abin da na ce a raina shi ne bari su gani, ita da shi, ko takarda tana sa yaro barci. Minti kaɗan za ta yi rigima a kira ni, in shiga in kwantar da ita, ya ji labari ya san wa ya raina. Na tura mayafin cikin jakata ta hannu na ja zif. Sannan na kai kayan bakin ƙofar ajin manya, Mai Kwali ta karɓa da hannu biyu tana yi min godiya, ta ce in sa musu albarka.

Bayan abincin rana muka sauke labule, muka jera katifu, ƴan ɗakinmu suka fara bingirewa ɗaya bayan ɗaya. Bango ɗaya ne tsakaninmu da ajin manya. Da farko na ji muryarta ƙasa-ƙasa tana tambaya. Sai tambayar ta koma kira. Sai kiran ya koma kukan da ban taɓa ji daga bakinta ba, ba na rigima ba, na tsoro. Ba Anti take kira ba ma. Ummi take kira.

Ina ta bubbuga bayan wani yaro. Agogo ta dube ni ta ce ko dai an manta da mayafin a gida. Na ce wa ya sani. Jakata tana rataye a bayan ƙofa, taku kaɗan ne, amma in na fito da shi me zan ce? Na ce bari ta ƙara kaɗan za a kira ni. Ba a kira ba. Anti Babba mace ce mai bin tsari, ta ba malamar lokaci kamar yadda ake bai wa kowa. Na ji ana rera waƙa, na ji ana zagaye da ita, na ji an zazzage jaka a ƙasa. Sai da kukan ya sarƙe ta ta yi amai sannan aka turo ƙofarmu aka ce in zo.

Ta yi sharkaf da gumi, ribbon ɗaya ya fita, idanunta sun kumbura. Tana ganina ta miƙo hannu. Na ɗauke ta na kwantar a ƙirji, ta kama gefen ɗankwalina ta naɗe a yatsa, tana ajiyar zuciya tana kiran Ummi a hankali har barcin wahala ya sace ta. Zan faɗa muku gaskiya ko za ku zage ni: a cikin tausayin da ya cika min ƙirji, akwai wani ɗan lungu da ya ji daɗi. Ni aka kira, kuma a jikina ta yi shiru.

Mai Kwali tana durƙushe tana goge aman da rigarta mai guga. Ta ɗago idonta jawur ta ce ta duba ko'ina ba ta ga mayafin ba, laifinta ne da ba ta bincika tun safe ba. Ta roƙe ni in koya mata yadda nake riƙe yarinyar, wai ta ga akwai abin da ba a koyarwa a makaranta. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Anti Babba ba ta ja magana ba. Ta ce yarinyar ba ta shirya ba, an yi gaggawa, ta koma hannuna sai sabuwar shekara. Agogo ta daki kafaɗata tana taya ni murna. Na yi niyyar in lallaɓa in mayar da mayafin, amma jakar Tantabara tana can ajin manya, kayan da ta ɓata suna shanye, kuma Agogo ba ta matsa ko nan da can ba.

Yamma ta yi, iyaye suka kwashe yara. Na rataya jakata a kafaɗa, na saɓa Tantabara a kwankwaso, ta yi lamo ba ta ko motsi. Shi ya zo a makare, Anti Babba ta tare shi suka shiga ofis. Ina cikin jira sai saƙo ya shigo wayata. Mama ce: “Babanki ya ce hutu ya matso, iyayen yaron nan sun sake aiko. Ki dawo da amsa.”

Ya fito fuskarsa babu walwala. Na sha mur na fara bayanin da na tsara, cewa ta ci abincinta sai dai barci ya gagara. Ya ɗaga min hannu. Ya dubi baranda ya ga babu kowa, sannan ya sassauta murya.

“Ni na ja mata wannan wahalar. Ni na matsa a mayar da ita can.”

“Na sani,” na ce. “Ai kowa yana son ƴarsa a hannun mai ilimi.”

Ya dube ni kamar bai gane yaren da na yi ba. “Wane ilimi? Muddin tana hannunki ba ni da bakin magana, kin san dokar gidan nan. Ba na son ki rasa aikinki, ba na son ta rasa ki. Na tambayi Anti Babba, ta ce in ta zauna a ajin manya, hanya ta buɗe. Na riga na gaya wa yayana ya shirya, yau nake son in tambaye ki ranar da za su je wurin Babanki.” Ya sauke numfashi. “Yanzu an ce sai sabuwar shekara. Za ki iya jira?”

Jama'a, kun ji fa. Dokar nan da na haddace, kishi ya toshe min basira har ban ga abin da ke gaban hancina ba. Duk satin da na yi ina hararar baiwar Allah, ashe ƙofata ake buɗewa, ni kuma na sa hannu na rufe.

Ya ce abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai, shi da hannunsa ya ninke mayafin ya sa a aljihun gefe, in ya ɓata bai san yadda za su kwana ba, kuma shi ke nan abin da ya rage mata na uwarta. Daidai nan Mai Kwali ta taho da jakar yarinyar, tana ba shi haƙuri tun daga nesa.

Ban ji lokacin da Tantabara ta sunkuya ba. Zif ɗin jakata bai gama rufuwa ba tun da na ciro waya. Ta zura ɗan hannunta, ta jawo, shuɗin mayafin ya biyo ta a hankali har ya fito duka. Ta naɗe shi a yatsa ta ɗora a kumatu, fuskarta ta washe karo na farko tun rana.

“Abba, ga Ummi. Tana jakar Anti.”

Mai Kwali ta tsaya cak. Shi kuwa bai zare tabarau ba wannan karon. Gyara masa zama ya yi, ya dubi mayafin, ya dubi jakata, ya dubi idanun ƴarsa da har yanzu ba su sace ba, sannan ya dube ni. Na jira ya tambaya, ko ya yi faɗa, ko ya ba ni ƙofar yin ƙarya. Ya sa hannu ya zare ta daga kwankwasona, ya karɓi jakar a hannun malamar, ya yi mata godiya ita kaɗai. Tun ranar da ya fara kawo ta gidan nan, yau ne kawai ya tafi bai tsaya ya ji yadda ta wuni ba.

Wayata tana hannuna, saƙon Mama a buɗe ban amsa ba, shi ma ban ba shi amsar tambayarsa ba. Ranar Litinin kuma, bisa tsarin gidan, ni ce mai riƙonta, ni zan tsaya a bakin ƙofa in miƙa hannu in karɓe ta. In ya kawo ta.